Filin da Ya Ɓace a Laftof ɗin Ba Wakil

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar shagon Sharhabilu tela, a unguwar Shamaki, ya san Bubayero. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Dillalin filaye ne. Da safe sai ya hau keke napep zuwa Tumfure, ya nuna wa mutane gonar wake ya ce musu nan ne bakin babban titin da za a yi, da yamma ya dawo majalisa ya gyara wa duniya zama. Sunan Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, tun wani taron bita kan kwamfuta da aka yi a wani otal, inda aka ɗauke shi jera kujeru, aka yi kuskure aka haɗa da shi wajen rabon jaka da takardar shaida. Tun daga ranar babu injin da ya fi ƙarfin bakinsa. Rediyon Sharhabilu da ya gyara, har yau sai an kifa shi rub da ciki yake magana.

Ran wata Laraba bayan la'asar sai ga Ba Wakil Ngubdo ya iso majalisa, rungume da wani abu a naɗe cikin rawani. Ba Wakil dattijo ne mai sayar da huluna, mutumin Borno, wanda rikici ya koro daga garinsu ya zo Gombe da iyalinsa, ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. Mutum ne mara yawan magana, amma ranar shirunsa ya fi na kullum nauyi.

Sharhabilu ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Ba Wakil, lafiya? Kai da aka yi wa jika, ka zo mana da fuskar wanda aka yi wa sata?"

"Satar ce, Malam Sharhabilu. D ya ɓace."

Ya warware rawanin, sai ga laftof. Ta 'yarsa Fanta ce, wadda ta karanci kwamfuta a jami'a. Da ta sayi sabuwa sai ta bar masa tsohuwar, ta ware masa wani sashe a ciki mai suna D, ta zuba masa duk abin da ta iya cetowa daga wata tsohuwar waya: hotunan gidansu na can, da na dangin da suka watse, da kuma bidiyo guda na mahaifiyarsa, Ya Batul, wadda ta rasu ba da jimawa da fitowarsu ba. Wayar ta daɗe da mutuwa. Babu wani wuri a duniya da muryar tsohuwar ta rage sai cikin D.

"Ran Asabar suna," in ji Ba Wakil. "Sunan mahaifiyata za a sa wa jaririyar. Yayana Ba Kyari zai taso tun daga Maiduguri, na yi masa alkawari a waya zai ga mahaifiyarmu, zai ji muryarta. Yau na kunna, C na nan, D babu."

"To ai Fanta na gidanka tana jego. Ka miƙa mata mana."

"Jininta ya hau wajen haihuwa, likita ya ce kada a ɗaga mata hankali. Kuma ta gargaɗe ni kada in bari kowa ya taɓa."

"Kowa daban, Injiniya daban!"

Bubayero ne, ya riga ya naɗe hannun riga. Kafin Ba Wakil ya buɗe baki laftof ta koma cinyarsa.

"Ba Wakil, ka gode wa Allah da ya sa ina gari. Wannan ciwon had-dis ne."

"Hadisi kuma?" in ji Sharhabilu. "Wa ya ruwaito shi?"

"Had-dis, Malam Sharhabilu, rumbun ajiyar inji. Ka ci gaba da ɗinkinka." Ya juya ga majalisa. "Ku shaida. Kafin Asabar zan dawo da D, a gaban taron suna zan buɗe shi, daga nan kuma in buɗe Asibitin Kwamfuta na Injiniya Bubayero. Dama na gaji da rana a Tumfure."

Ya danna makunni. Wani baƙin shafi ya fito da layi biyu.

Ba Wakil ya ce, "Na ƙasan nake zaɓa, Windows. Na saman Linux ne, Fanta ta ce na aikinta ne."

Bubayero ya tafa hannu. "Kun ji! Gida ɗaya, 'yan haya biyu, kuma ba yarensu ɗaya ba. Yaya kaya ba za su ɓata ba?"

Ya shiga Windows, ya danna nan ya danna can, yana leƙen wayarsa a ƙarƙashin babbar riga yana cewa saƙon wani alhaji yake dubawa. Can sai ya faɗa wani shafi mai dogon zane da aka yanka gida-gida. Idonsa ya yi haske kamar na wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Allahu akbar! Wannan ai taswirar fili ce. An shigo fagena. Ku matso. Kun ga wannan? C ne, yana da lamba, yana da takarda. Waɗannan biyun fa? Ba suna, ba lamba. Su ne suka zo da tsakar rana suka yi gini a kan filin D."

Sharhabilu ya leƙo ta saman tabarau. "Injiniya, ko dai ɗaya daga cikinsu shi ne D ɗin, sunansa ne ya goge?"

"Malam Sharhabilu, ka taɓa jin na sa maka baki a maganar aljihun wando?"

Ya ɗora kibiya a kan na farko ya zaɓi gogewa. Kwamfuta ta fito da wani dogon gargaɗi da Turanci.

Ba Wakil ya ce, "Me ta ce?"

"Magiya take yi. Duk wanda za a rushe wa gini sai ya yi magiya. In ka biye musu ba za ka yi aiki ba."

Ya danna. Ya koma kan na biyun, shi ma ya danna. Gidajen biyu suka haɗe suka zama fili ɗaya fetal mai baƙin layi a sama.

"Shi ke nan, fili ya koma hannun hukuma. Da an kashe an kunna, D zai dawo ya tarar an share masa wuri."

Aka kashe, aka kunna. Layi biyun nan da aka saba gani ba su fito ba. Windows bai fito ba. Shafin ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu fari a kusurwa, da wata 'yar alama tana ƙyaftawa kamar mai jiran amsa.

Bubayero ya share gumi, ya kai hancinsa kusa da gilashin. Abin da ke rubuce shi ne grub rescue.

"G, R, U, B," ya karanta a hankali. "Gurub. Garub." Sai ya miƙe zumbur. "Garba! Jama'a, ɓarawo ya sa hannu! Garba ne! Kalmar gaba kuwa ceto take nufi. Garba ya yi garkuwa da D!"

"Wane Garban?" in ji Sharhabilu.

Ba Wakil ya ce, "Jiya da babu wuta na kai ta caji wurin Garba mai caji."

"Magana ta ƙare!"

Haka aka ɗunguma, Bubayero a gaba da laftof a buɗe bisa tafin hannu kamar mai tallan tsire, Ba Wakil a baya yana cewa a bi a hankali, majalisa na biye, masu wucewa suna shiga sahu ba tare da sun san inda za a ba. Garba na zaune a rumfarsa, janareto na ruri, wayoyi jere a gabansa.

"Garba, fito da D!"

Garba ya dubi taron, ya dubi Bubayero. "Wace D?"

"Kada ka raina mana hankali. Ga sunanka nan, injin da kansa ya tona maka asiri."

"Ni? Injiniya, ni ko A ban gama da ita ba na gudu daga firamare. Ina zan kai D?"

Aka kwashe da dariya. Bubayero ya ɗaure fuska. "A hannunka ta yini jiya."

"A hannuna wayarka ma take yini, mai fasasshen gilashin nan. Ka taɓa ganin na sace mata ko fashewar? Kuma ni kaɗai ne Garba a layin nan? Ga Garba mai nama, ga Garba mai faci, ga kawunka Malam Garba ladan. Mu je mu fara da shi, in ya so ka riƙe masa hannu a caje aljihunsa."

Bubayero ya ga maganar na neman shiga gidansu, sai ya ce injin ne zai raba gardama. Ya ajiye laftof a kan teburin Garba, ya rubuta da yatsa ɗaya: garba fito da D. Ya danna. Nan take amsa ta fito: Unknown command.

"To, ga shi! Abin ya wuce Garba shi kaɗai. Ta ce akwai wani kwamanda da ba a san shi ba. Ƙungiya ce, jama'a, da kwamandansu da komai!"

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Ba Wakil ya dafa ginshiƙin rumfar, fuskarsa ta sauya. Mutumin da ya baro gidansa da ƙafa saboda masu kwamanda, ba a yi masa wasa da kalmar. Sharhabilu ya taka wa Bubayero ƙafa da dukan nauyinsa. Garba ya miƙe ya ba dattijon kujerarsa, ya ɓalle masa ruwan leda mai sanyi.

"Ba Wakil," in ji shi, "da na san inda mahaifiyarka take a akwatin nan, da kaina zan shiga in fito maka da ita."

Ba Wakil ya gyaɗa kai ya sha ruwan. Bubayero na ɗingishi ya ce dama gwaji yake yi, yanzu ya tabbatar ciwon na ciki ne, sai an yi tiyata.

Ran Alhamis da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon Sharhabilu. Bubayero ya ari sukudireban keken ɗinki, ya kifa laftof, ya shiga kwance 'yan notunanta yana jerawa a bakin tabarma. Da murfin ya buɗe sai ya tsaya yana kallo. Shi ya zaci zai ga katanga da ɗakuna kamar yadda taswira ta nuna. Abin da ya gani wani koren faranti ne da fanka cike da ƙura.

"Ina filin?" in ji wani daga cikin 'yan kallo.

"Yana ƙarƙashi. Ba kowane ido ke ganinsa ba."

Ya laluba, ya ɓalle wani ɗan siririn abu mai haƙoran zinariya, ya ɗaga shi sama. "Ga D! Ga ɗan banza, ashe ɓuya ya yi!"

Aka fara kabbara. Ya hure shi, ya goge a hular Sharhabilu, ya ajiye gefe, ya kunna laftof don a ga bambanci. Bambancin da aka gani shi ne ko Garban ma bai fito ba, sai wani kuka da injin ya kama, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako a rijiya.

"Kukan murna ne?" in ji Sharhabilu.

Bubayero ya yi maza ya mayar da abin inda ya ciro shi, kukan ya tsaya, Garba ya dawo kusurwarsa.

Ana cikin haka sai ga kazar Goggo Iklima mai ƙosai, wata jar kaza mai tafiyar isa. Ta zagayo bayan Bubayero, ta dubi notunan nan masu ƙyalli, ta karkata kai, ta kai cafka ɗaya ta haɗiye.

"Ta ci noti! A tare ta!"

Injiniya ya tattare babbar riga ya bi kaza. Ta shige ƙarƙashin keken ɗinki, ya bi ta, zare ya naɗe masa wuya. Ta fita ta tsallake kwata, ya tsallaka, ƙafa ɗaya ba ta kai ba. Ta faɗa zauren uwargijiyarta, ya faɗa, sai ya yi kiciɓis da Goggo Iklima riƙe da matsamin ƙosai.

"Bubayero, filayen ne suka ƙare ka koma satar kaji?"

"Goggo, kazarki ta haɗiye kayan aikin injiniya."

"Injiniyan da kaza ta fi shi sauri? Don me ka jera mata su a ƙasa kamar tsaba?"

"Sai dai a yanka ta a ciro."

"A yanka wa? Kazar da ke min ƙwai kullum? Kai ka taɓa yi wa wani ƙwai a unguwar nan?"

Da ƙyar aka yi sulhu a kan a kife kazar da kwando, a sa mata faranti a ƙasa, a jira ikon Allah. Bubayero ya ce Sharhabilu ya riƙa dubawa. Sharhabilu ya ce shi tela ne, ba mai gadin kashin kaza ba. Haka Injiniya ya yini tsugune gaban kwando da tsinke a hannu, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Injiniya, an sauka lafiya?" Kaza dai ta riƙe amanarta. A ƙarshe da salatif aka ɗaure gindin laftof, sauran notunan ma biyu sun bi iska wajen tsere.

Ran Juma'a Ba Wakil ya yanke shawarar faɗa wa Fanta gaskiya. Ya je har ƙofar ɗakin da take jego ya yi sallama. Ta amsa da murya mai daɗi, ta ce, "Baba, gobe Ba Kyari zai yi kuka fa. Ka tanadar masa hankici, ka san shi da Ya Batul." Dattijo ya yi tari, ya ce dama zuwa ya yi ya ji ko ta sha kunun kanwa, ya juya.

A ƙofar gida ya tarar da Bubayero yana murmushi, riƙe da wani ɗan filas na kwamfuta da ya aro a shagon buga takardu na Gilbert.

"Ba Wakil, kwantar da hankalinka. Sabon Windows ne a nan ciki, dal a leda. Gilbert na ta wani ja min kunne wai yana share abubuwa, na ce masa sharar ai ita muke nema."

"Ka gwada?"

"Ana gwada rago kafin ranar suna? Gobe a gaban jama'a za a yi komai."

Asabar ta zo. Aka kafa rumfa a ƙofar gidan Ba Wakil, aka jera kujeru, aka raba goro da dabino, liman ya raɗa wa jaririya suna Batul, aka shafa fatiha. Mutanen Borno mazauna Gombe sun zo da yawa, ga maƙwabta, ga 'yan majalisa, har da Garba mai caji da ya kawo janaretonsa kyauta. Ba Kyari, wani dogon tsoho mai farin gemu, yana zaune a gaba da carbi, tun isowarsa ba abin da yake tambaya sai yaushe za a kunna.

An aro babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo, an haɗa ta da laftof. A bayanta Bubayero ya rataya wani farin ƙyalle da aka rubuta Asibitin Kwamfuta da jan fenti, fentin bai ma gama bushewa ba. Ya sha babbar riga, ya kuma riga ya gana da maroƙi.

Maroƙi ya ɗaga lasifika. "Ina Injiniya Bubayero, mai yanka fili a cikin inji! Na Shamaki, gagara Garba!"

Daga can baya Garba ya ce, "Ni dai a bar ni in ci masata."

Bubayero ya soka filas ɗin Gilbert, ya yi ta danne-danne har Allah ya sa wani shuɗin shafi ya fito a talabijin. Aka yi tafi. Ya bi shi da danna gaba, gaba, har ya iso inda aka jera sassan rumbun. Sai ya karɓe lasifikar daga hannun maroƙi.

"Jama'a, ku dubi nan da kyau. Kun ga wannan filin da babu mai shi? Ni na rushe gine-ginen da ke kansa da hannuna, har da na wani baƙo wai shi Linux. Yanzu zan zuba sabon Windows a kansa, in yi gini tun daga tushe. D in ya ga an yi masa sabon gida, da ƙafarsa zai dawo."

Lasifikar maroƙi ba ta san katanga ba. Maganar ta tsallaka zaure, ta ratsa tsakar gida inda mata ke tuyar masa, ta shiga ɗakin mai jego.

Bubayero ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya fara sauko da shi a hankali. Sai aka ji wata ƙara daga cikin gida, da ƙarar kwanon da aka yi karo da shi.

"Bappa Bubayero! Ɗaga hannunka!"

Fanta ce, ta fito a guje cikin zumbulelen hijabi, takalmi ƙafa ɗaya, goggonninta na biye suna ihu, "Mai jego ba ta fita! Ke Fanta, iska!" Maza suka dare. Kafin yatsan Injiniya ya sauka ta fizge filas ɗin, ta danne makunni har injin ya mutu. Ta juya laftof ta ga salatif. Ta dubi mahaifinta. Ba Wakil ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Bappa, me ka goge?"

"'Yata, ba gogewa ba ce, tsari ne. D ya ɓace, sai bincike ya nuna Garba..."

"Na rantse da Allah," in ji Garba da masa a baki.

"Sassa nawa ka goge?"

"Wasu marasa takarda ne guda biyu."

"Ɗaya nawa ne, Linux. Ɗayan kuma shi ne D. Bai je ko'ina ba, harafinsa ne kawai ya cire, abin da za a mayar kafin a gama gaisawa. Grub ɗin da ka gani kuma mai tsaron ƙofa ne, shi ke tambaya wanne za ka shiga. Ka rushe ɗakin da yake kwana, shi ya sa yake neman ceto."

Sharhabilu ya gyara tabarau, sai da ya tabbatar kowa ya ga yana gyarawa.

Ba Kyari ya miƙe. "Fanta, ki gaya min gaskiya. Ta tafi?"

"Ban sani ba tukuna, Ba Kyari. Bayan ya goge, in dai ba a zuba komai a wurin ba, to turakun iyaka kawai ya tumɓuke, kayan na nan. Da ya danna wancan maɓallin, da ya zuba musu kankare."

"Ai abin da nake shirin bayani ke nan," in ji Bubayero.

"Bappa, don Allah koma can. Can baya. Ƙara matsawa."

Aka kawo mata jakarta, ta ciro nata filas ɗin daga jikin makullai. Aka sa mata kujera a bakin zaure, wata goggo ta lulluɓe ta da bargo tana mita, wata ta tsaya a kanta da kofin kunu. Ta tayar da injin daga filas ɗin, ta buɗe wata manhaja mai neman sassan da aka goge. Talabijin ta nuna lambobi suna hawa a hankali. Taron suna guda ya zuba wa lambobi ido. Masa ta huce a faranti. Maroƙi ya buɗe baki, liman ya harare shi, ya rufe.

Can sai layuka suka bayyana. Fanta ta shiga ɗaya, sunayen hotuna suka zubo reras. Ta sauke ajiyar zuciya, ta mayar da iyakokin yadda suke, ta kashe ta kunna. Layi biyun nan suka dawo, Linux a sama, Windows a ƙasa. Ta shiga, ta maƙala wa sashen harafinsa, ta danna bidiyon.

Wata tsakar gida ta cika talabijin, farin yashi a share, inuwar bishiya ta rufe rabinta. Ga wata tsohuwa a kan tabarma, da zanen Barebari a kumatunta, tana haɗa turaren wuta a kasko tana rera waƙar reno da Barbarci, muryarta siririya tana ɗan rawa. Ba Kyari ya koma kujera kamar an tura shi, ya rufe fuska da hannun riga. Ba Wakil ya tsaya ƙyam, hawaye na bin gemunsa. Matan da suka cika zaure suka kama waƙar ƙasa-ƙasa, don da yawansu da ita aka rene su.

Bubayero ya ga hankalin kowa ya tafi, sai ya sulalo daga baya, ya zo ya tsaya dab da talabijin a ƙarƙashin ƙyallensa, ya dafa ta da hannu ɗaya yana gyaɗa wa jama'a kai.

Daidai lokacin tsohuwar ta katse waƙa. Ta ɗaga kai ta dubi gefe, ta ɗaure fuska, ta ɗauki mafici ta nuna, kuma maficin ya faɗa daidai saitin hancin Bubayero. Ta zazzaga wata magana da ƙarfi.

Mutanen Borno da ke kuka suka tsaya cak. Sai wani ya tuntsire. Sai rumfar gaba ɗaya ta ɗauka, masu hawaye na dariya, masu dariya na hawaye, Ba Kyari har da buga ƙafa.

Bubayero ya washe baki. "Me Hajiya ta ce? Addu'a ta yi?"

Ba Kyari ya share ido, ya yi ƙoƙarin saita murya. "Ta ce, ku fitar min da bunsurun nan daga gida, tun safe yake ɓarna."

Waɗanda ba su jin Barbarci suka karɓi nasu rabon dariyar. Goggo Iklima ta rangaɗa guɗa daga zaure. Bubayero ya dubi agogon da ba ya aiki a hannunsa, ya ce wani alhaji na jiransa a Tumfure, ya naɗe ƙyallensa, fentin ya shafe masa gaban riga, ya bi ta bayan rumfa.

Washegari bayan la'asar, majalisa ta ɗauka ba zai zo ba. Sai ga shi, ya zauna a wurinsa, ya miƙe ƙafa, ya karɓi shayin da ba shi aka zuba wa ba.

Sharhabilu ya ce, "Injiniya, ashe kana da fuskar fitowa?"

"Me zai hana? Malam Sharhabilu, ka yi adalci. Jiya akwai liman a wurin nan, akwai manyan baƙi daga Maiduguri, akwai 'ya'yan Ya Batul biyu na cikinta. Baiwar Allahn nan ta yi shekaru ba ta yi magana da kowa ba." Ya kurɓi shayi ya ajiye kofin. "Da ta buɗe baki, wa ta nuna?"